Gwanintar Mai Kai Majinyaci Indiya

Idan aka ambaci Indiya a Kankiya ko Kusada, waƙa da rawa ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Tun shekarun 1950, lokacin da Labanawa masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya nan Arewa, muka saba da fuskokin Indiyawa, kuma yau yaro na iya zayyana maka fim ɗin fassarar Algaita daga fari har ƙarshe. Babur ɗin Bajaj da ɗan acaɓa ke hawa zuwa kasuwar Caranci, da keke mai ƙafa uku, da ƙwayoyi da yawa da ke kantar kemis, duk daga can suka fito. Shi ya sa mutuminmu yakan ɗauka ya san Indiya. Sai ranar da likita ya dube shi ya ce aikin nan sai an fita waje, sannan zai gane ganin hoto daban, sanin hanya daban.

A irin wannan ranar ce ake neman jagora. Ba shi da ofis, ba shi da allo a ƙofar gida, lambar wayarsa ce ke yawo daga wannan gida zuwa wancan. Galibi matashi ne da ya yi karatun haɗa magunguna ko jinya ko kwamfuta a Bangalore ko a gefen Delhi. Wani kuma mahaifinsa ya taɓa kaiwa, ya sha wuyar hanya, ya dawo da ilimin da ba a koyarwa a aji. Aikinsa ya yi kama da na malamin bitar alhazai, sai dai maniyyaci yana da hukuma da ayari da tsarin da aka shekara ana bi, majinyaci kuwa daga Allah sai wannan mutum guda.

Gwanin jagora ba ya fara maganar jirgi. Abin da yake fara nema shi ne takardu: sakamakon gwajin jini, hotunan da aka ɗauka, da rahoton likitan da ke duba mara lafiya. Zai ɗauki hotonsu a waya shafi-shafi, ya tura wa asibiti biyu ko uku, ya jira kowanne ya faɗi abin da zai yi da abin da zai ci. Ya san Medanta da ke Gurugram, wanda likitan zuciya Naresh Trehan ya buɗe a 2009, ya san Narayana na Devi Shetty a Bangalore, ya san Apollo da ya fara a Chennai a 1983, kuma ya san sunan asibiti kaɗai ba ya warkar da kowa, dole a san wane likita ne zai riƙe wuƙar. Abin da ya fi burge ni a wurin na ƙwarai shi ne yakan iya duban dangin da suka riga suka sa gona a kasuwa ya ce musu kada su tafi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma akwai ayyuka da dama da ake yi a Katsina da Zariya. Akwai kuma ciwon da ya riga ya ci jiki, wanda tafiyar ba za ta ƙara wa mai shi komai ba sai wahala da rabuwa da iyalinsa a kwanakin da ya fi bukatarsu. Mutumin da zai sami wani abu idan an tafi, amma ya buɗe baki ya ce a zauna, ya cancanci a kira shi mai amana.

Idan tafiya ta tabbata, sai lissafi. Indiyawa ba sa ƙirga manyan kuɗi da miliyan. Suna cewa lak, wato 100,000, kuma sukan rubuta shi 1,00,000. Na ga wani dattijo a Kusada riƙe da takardar asibiti mai ɗauke da 4,50,000, yana juya ta yana zaton kuskuren bugu ne. Jagoran ya karɓa, ya ɗauki biro ya rubuta rufi 450,000 a ƙasa, ya mayar da su dala, ya mayar da dalar naira bisa canjin da aka tashi da shi a kasuwar canji ta Wapa ranar, sannan ya ce, "Baba, wannan na aikin ne kawai. Ba masauki a ciki, ba abinci, ba magani bayan sallama, ba kuɗin ƙarin kwana idan likita ya riƙe ku." Sai da ya jera su duka a bayan takardar, kowanne da adadinsa, kafin ya bari a yi maganar abin da za a sayar. Ya kuma gaya musu cewa wanda ya shiga Indiya da tsabar kuɗin da ta haura dala 5,000 dole ya bayyana wa kwastam a filin jirgi, kuma rasit ɗin canji abin adanawa ne.

Takardun tafiya su ma suna da nasu tarkon. Bizar jinya ana nemanta ne da wasiƙar gayyata daga asibiti, kuma ana ba masu rakiya har biyu tasu bizar. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, wanda ya sauka babu shi kuwa ana iya killace shi har kwana 6, shi ya sa jagora ke tura mutane allura tun kafin a fara neman biza. Mai dashen ƙoda nasa ya fi nauyi. Dokar Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki, don haka dole mai bayarwa ya zo tare da majinyaci, a tabbatar da dangantakarsu da takarda daga ofishin jakadancin Najeriya da ke New Delhi, kwamiti kuma ya zauna ya yi musu tambayoyi. A nan ne al'adarmu ta sa sunan gari a madadin sunan mahaifi ke kawo cikas: wa yana amsa Kankiya a fasfonsa, ƙane yana amsa sunan kakansu, a takarda ba abin da ya haɗa su. Jagoran da ya san aikinsa tun a gida yake jera fasfunan, ya gano wannan, a nemi takardar rantsuwa a kotu.

Sai zaman bita, wanda yawanci a zaure ake yinsa bayan isha'i. Nan yake sauke musu Indiyar fim ya ɗora musu ta gaske. Ƙasa ce mai mutane sama da biliyan 1.4, wadda ta zarce Sin a yawan jama'a a 2023, mai jihohi 28 da harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa. Hindin da aka tsinta a fim zai yi amfani a Delhi, amma a Chennai Tamil ake yi, a Bangalore kuma Kannada. Agogonsu na gaba da namu da awa huɗu da rabi, don haka kada a kira gida da asubar can a tashi yara cikin dare. Motoci ta hagu suke bi, yadda muke yi kafin 1972, wanda zai tsallaka titi ya fara duban dama. Idan ɗan Indiya ya karkaɗa kai gefe da gefe, ba ƙi ya yi ba, sau da yawa amincewa ce. Yakan duba watan tafiyar ma. Zafin Delhi a Mayu da Yuni ya kan haura digiri 40, wannan mutumin Katsina ya san shi, amma sanyin Disamba da Janairu ya fi hunturunmu cizo, hayaƙin da ke rufe birnin a Nuwamba kuwa ba na mai ciwon ƙirji ba ne.

Ranar tafiya mota za ta bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bichi zuwa filin jirgin Kano, a sauka Addis Ababa ko Doha a canza jirgi. Ya riga ya nemi keken tura mara lafiya a kowane zango. Idan mai wankin ƙoda ne, ya sa an yi masa ana gobe tafiya, ya kuma kama masa layi a can ranar sauka. Masauki kusa da asibiti yake nema, mai ɗakin girki, wanda mai shi zai cike fom ɗin sanar da hukuma zuwan baƙo cikin awa 24 kamar yadda doka ta ce.

Wani abu da ke girgiza dattawanmu a daren farko shi ne salla. Mutum ya shekara sittin yana fuskantar gabas, ya shimfiɗa darduma, sai jagoran ya riƙe hannunsa a hankali ya ce, "Baba, a nan mun wuce Makka, yamma ake kallo." Daga nan zai yi masa bayanin cewa Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 a ƙidayar 2011, mafi yawansu Hanafawa ne, la'asar ɗinsu kan yi jinkiri fiye da yadda muka saba, kuma masallatai da yawa a arewacin ƙasar ba su da sashen mata, don haka Hajiya ta yi tata a masauki. Wanda aka kai Apollo na Delhi ya yi sa'a, domin unguwannin Musulmi na Jamia Nagar da Shaheen Bagh suna kusa, akwai kiran salla, akwai mahauta.

Abinci kuwa rabin jinya ne, kuma nan ne sanin ƙasa biyu ke amfani. Yajinsu da kayan ƙamshinsu sukan hana baƙo ci, mara lafiya ya rame a banza. Jagora ya san geronmu shi ne bajra a kasuwarsu, dawa jowar, kuɓewa bhindi, tsamiya imli, kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman gero. Da garin shinkafa da kukar da aka ƙullo daga gida, sai ga tuwo a tsakiyar Delhi. Yana nuna wa mai rakiya koren ɗigon da ke jikin fakiti, alamar babu nama a ciki, ya nuna masa shagon da ke yanka halal, domin akwai masu sare kan dabba da sara ɗaya. Doka ta hana yanka saniya a jihohi da yawa, saboda haka a nemi na akuya ko kaza, kada kuma a yi wasa da maganar saniya a gaban mutane. Ruwa sai na roba mai hatimi. Duk wannan sai bayan ya tambayi likita abin da aka hana, don mai ciwon ƙoda ba kowace miya ce tasa ba.

Amma ƙololuwar gwanintar tana ɗakin likita. Mutanenmu ba sa faɗin ciwo kai tsaye. A tambayi tsohuwa yaya jiki, ta ce da sauƙi, alhali ba ta runtsa ba. Tafintan da bai ƙware ba zai juya wa likita cewa ta samu sauƙi, a rage mata magani. Gwani zai durƙusa gefen gadon ya ce, "Inna, likita ba gaisuwa yake yi ba, so yake ya san inda ke miki ciwo. Nuna min da hannu." Zai tambayi ko ciwon suka yake ko murɗa, ko da dare ya fi tashi, ko akwai jiƙon gargajiya da ake sha a ɓoye. Idan maganar ta shafi abin da mace ba za ta faɗa a gaban namiji ba, sai ya nemi 'yarta ta shiga ko ya roƙi a kawo likita mace, shi ya tsaya bayan labule. Kafin a sa hannu a takardar yarda da tiyata, yakan karanta ta layi-layi, har da wurin da aka faɗi haɗarin aikin, ba ya tsallakewa don gudun tsorata kowa. Idan labari mara daɗi ne, ya san wa za a fara gaya wa da irin kalmar da za a fara da ita, amma ba ya mayar da shi ƙarya. Wannan haɗin tausayi da gaskiya shi ne abin da nake jinjina wa, kuma ba kowa Allah ya ba shi ba.

Yana kuma tsare su daga abin da ba su gani ba. Akwai dillalan da ke kewaya asibitoci suna karkatar da baƙo zuwa inda la'adarsu ta fi tsoka. Akwai wariyar launi, kuma ba a manta harin da aka kai wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida a Maris 2017 ba. Don haka yakan hana yawon dare, ya hana karɓar saƙon jakar da ba a san abin da ke ciki ba, ya riƙe ranar ƙarewar biza a kansa, ya nemi ƙari ta intanet da wasiƙar asibiti tun da sauran lokaci. Idan kuma ta Allah ta kasance, shi ne mai zirga-zirgar takardu tsakanin asibiti da ofishin jakadanci, mai neman jama'ar da za su yi sutura, mai ɗaga waya ya kira gida.

Idan sauƙi ya samu, wasu sukan roƙi a kai su Masallacin Jama na tsohon Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, su yi Juma'a kafin a juyo. Shi kuwa hankalinsa na kan takardar sallama, da maganin watanni, da lambar likitan, da sunan wanda zai ci gaba da duba mara lafiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, domin wanda aka yi wa dashe maganinsa ba ya yankewa har ƙarshen rayuwa.

Kai da tafiyar nan ta kama ka ko wani naka, kafin ka miƙa fasfo ga kowa ka tambaye shi asibiti nawa ya tuntuɓa, ka ce ya nuna maka amsar da suka turo da idonka, ka tambaye shi ko asibitin na biyansa la'ada, ka kuma nemi jin ta bakin wani gida da ya taɓa kaiwa. Idan ya amsa ba tare da ɓata rai ba, ku yanka masa ladansa a fili tun a gida, ku biya shi cikakke.