Mai Ƙirga Kawuna a Ranar Barin Makka

Alhajin da ya taso daga Gatawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ranar Arfa yake wa shiri tun yana gida. Ita malamai suka fi nanatawa wurin bita, ita tsofaffi ke tambaya. Ni kuwa da Allah ya kai ni, ranar barin Makka ce ta nuna mini mene ne aikin jagoran alhazai. A Arfa kowa na wuri ɗaya, zuciya na fuskantar abu ɗaya. Ranar tafiya hankali ya rarrabu. Wani ya tuna bai saya wa surukinsa makawiya ba, wata ta kasa ɗauke ido daga Ka'aba, wani dattijo ya hau kan jakarsa ya zauna, ya ce ba mai taɓa ta. Duk waɗannan mutum ɗaya ne zai tattara su, ya zuba a mota, ba tare da ran kowa ya ɓaci a garin da ba a son ɓacin rai ba.

Jagoranmu Bagobiri ne, ga tsagarsa raɗau, ba ya da yawan magana. Abin da na fara lura da shi, lissafin ranar daga ƙarshe yake farawa. Ya ɗauki lokacin tashin jirgi a Jidda, ya cire sa'o'in da ake so alhaji ya yi a filin jirgin Sarki Abdul'aziz kafin tashi, ya cire tafiyar mota daga Makka, ya cire loda mutane, wanda ya san ba ya ƙarewa yadda aka tsara. Abin da ya rage, a cikinsa zai saka dawafin ban-kwana.

A nan ilimi ke shigowa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan dawafi mustahabbi ne, wasu mazhabobin kuma sun wajabta shi, kuma an ɗauke wa mace mai haila. Sai dai yana da sharaɗi: shi ne ake so ya zama abu na ƙarshe tsakanin mutum da Ɗakin Allah. Wanda ya yi shi sannan ya zauna a Makka wani babban yanki na yini, sai ya sake. Ɗan ciniki mai sauƙi ba ya ɓata shi. Saboda haka idan jagora ya kai mutane da wuri ƙwarai, mota ta yi jinkiri, ya jefa su cikin shakka. Idan ya makara, cunkoso ya riƙe su, mota na jira. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar ƙofa, gwani ne ke gane ta.

Ya raba mu gida biyu. Masu ƙarfi ya tura su ƙasa, kusa da Ka'aba, inda kewaye bakwai ke da gajarta amma turereniya ta yi yawa. Tsofaffi ya hau da su bene, inda da'ira ta fi faɗi nesa ba kusa ba, amma mutum na iya tafiya a hankali ko a tura shi a keke. Kafin a shiga ya tsayar da mu a gindin dogon agogon nan, ya nuna Ƙofar Sarki Abdul'aziz, mai lamba 1, ya sa kowa ya maimaita da bakinsa. Wadda ba ta karatu ya ce ta dubi agogon ta riƙe shi a ranta. Ya duba wuyan kowa ya ga katinsa na rataye. Ya tuna wa tsofaffi koriyar fitilar da ke nuna saitin Hajarul Aswad, wurin fara ƙirga.

Wata tsohuwa daga wajen Isa ta gama raka'a biyu ta ƙi tashi. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa gefenta, ya bar ta ta share hawaye, sannan ya ce, "Inna, ki roƙa muna Allah shi maimaita, in kin ƙare mu tashi tare." Ta ɗaga hannu, ta shafa, ta miƙe. Ashe tun wurin lissafinsa ya ware wa irin wannan kuka lokacinsa, domin ya san sai an yi shi.

Maganar kaya kuwa, yaƙi ce mai zaman kanta. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, kuma ko da adadin ya sauya, sikeli ba ya jin roƙo. Babbar jaka ana karɓarta tun kafin ranar, sai duk abin da aka saya daga baya ya koma ta hannu: dabino, darduma, casbi, turare, kwalli, jallabiyar jikoki. Jagoranmu kan ɗaga jaka da hannu ɗaya ya faɗi ko ta wuce, kuma sikeli kan gaskata shi. Ya ɗaga ta dattijon nan, ya ɗan girgiza, ya ji motsin ruwa.

"Baba Alhaji, mi kas saka cikin jakag ga?"

Zamzam ne, an naɗe gorar cikin harami. An hana saka shi a kaya. Lita 5 da aka tanadar wa kowane alhaji a gida ake ba shi. Dattijon na ganin za a raba shi da albarka. Jagora bai ce a zubar ba. Ya kira mutanen ɗakin, aka kawo kofi, aka fuskanci alƙibla, kowa ya sha da niyyarsa, dattijon ne ya yi addu'a. Ya tashi daga kan jakar yana murmushi. Har yau ban ga dabarar da ta fi wannan kyau ba.

Wannan sana'a tana da kakanni. Lokacin da ake tafiya a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, ana shekaru a hanya, ayari na da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya gano zango da rijiya. Jikokin waɗanda ba su dawo ba suna nan a Sudan da Makka, wasunsu su ne ke sayar mana da tuwo da miyar kuka a lungunan Misfala. Hukumar alhazai ta NAHCON da aka kafa a 2006 ke kula da takardu da jadawali, jirgin sama kuma ya mayar da tafiyar shekaru ta sa'o'i, amma har yanzu sai an sami mai sanin mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

A bakin mota ya ƙirga mu sau uku: a ƙofar masauki, a matakala, sannan bayan kowa ya zauna. Da suna yake ƙirgawa, yana duban fuska, don lamba kan cika da baƙon wata jiha da ya shigo bisa kuskure. Ya leƙa banɗakuna, ya duba ƙarƙashin gadaje, ya fito da maganin hawan jinin wani a hannunsa. A ƙarƙashin rumfunan Jidda masu kama da tantuna, inda jira kan yi tsawo, ya hana kowa nisa, ya bar Gobirawa suna wasan nan nasu da alhazan Yarbawa da ke gefe, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, har barci ya gudu daga idon tsofaffi.

Mun sauka filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato bayan la'asar. Aikinsa a takarda ya ƙare nan. Mutane sun ƙagu, dangi na ta waya daga Gatawa, an yi fura an yanka kaji. Ya dubi rana, ya tara 'yan gabashin jihar, ya ce ba wanda dare zai riska a hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni a wannan zamani, a kwana Sakkwato a tashi da hantsi. Ya tsaya har kowa ya karɓi Zamzam ɗinsa, ya ɗauki na tsohuwar nan a kafaɗa, ya sake kiran sunaye daga farko.