Waƙar Fim Bayan An Tashi Daga Kallo

Duk wanda ya ratsa tashar motar Dutsin-Ma, ko ya zauna a shagon tela a Kurfi, zai ji waƙar fim na tashi alhali ba mai kallon komai. Direba na sa ta don korar gyangyaɗi, tela don ta bi bugun kekensa, mata kuwa wajen wanki da kamun amarya. Wannan ɗabi'a ba sabuwa ba ce. Tun zamanin kaset ake sauraren Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar, mawaƙan finafinan Indiya, ba tare da an san me suke cewa ba. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai waƙoƙin fiyano suka gaji wannan gurbi.

To, a nan gizo ke saƙar. Waƙar Indiya karinta kawai ke shiga kunne. Ta Hausa kuwa kalmominta ke zama a ka, har yaro ya haddace ta kafin karatun aji. Amma da yawansu an gina su ne a kan amsa-amo kawai, ma'ana ta biyo baya. Ka cire ta wannan fim ka liƙa wa wancan, ba mai lura.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, kada mu raina baitin fim. Littafinmu sai mai karatu, shi kuwa har gona yake zuwa. Mu shiga mu rubuta shi da hannunmu, ya fito daga cikin labarin, ya ɗauki ma'anar da za ta jure maimaici.