Fatsar Ƙwaron Ƙarya: Nazari Kan Kamun Tirawut a Kogunan Ingila

Duk masuncin da ya san aikinsa zai gaya maka cewa in kifi kake so, ka soka tana a ƙugiya ko ka ja taru. Amma akwai wata al'adar kamun kifi a Turai, wadda ta haura shekara ɗari biyar a rubuce, da masu ita suka san da haka sarai suka kuma ƙi bi. Abin da suke ɗaurawa a ƙugiya gashin tsuntsu ne da zare, an naɗa su har sun ɗauki siffar ƙaramin ƙwaron ruwa. Kifin da suke nema da shi kuwa shi ne tirawut, mai ɗigo-ɗigon baƙi da ja a jiki, wanda ba ya zama sai a ruwa mai sanyi, mai tsabta. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara jigata.

Tun daga jifa ake gane wannan fatsa daban take. Ƙwaron ƙarya ba shi da wani nauyi, saboda haka igiyar ce ake jefawa, ita ke ɗauke da shi. Masunci yakan riƙe sanda mai lanƙwasa, tsawonta wajen ƙafa tara, ya kaɗa igiyar baya, ya ɗan dakata ta miƙe a iska, sannan ya dawo da ita gaba ta warware a kan ruwa. A bakinta akwai wani siririn zare da ido ke wuyar gani, shi ke sauke ƙwaron a hankali. In ya faɗa da ƙarfi, ko inuwar sanda ta gitta, kifi ya tafi ke nan.

Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara. A 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila mai bayanin ƙwari goma sha biyu da watannin da ake amfani da kowanne. Izaak Walton ya fitar da The Compleat Angler a 1653, abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa babin fatsar ƙwaro a 1676. Duk tsawon wannan zamani ba wanda ya damu ko ƙwaron ya nutse ko ya tsaya a sama. Igiyarsu ta izgar doki ce, inda iska ta kai ta nan take sauka. Rigimar da ta raba kan masu wannan fatsa ta taso ne daga baya, a wasu 'yan koguna na kudancin Ingila, kuma sai an san kogunan ake gane rigimar.

Test da Itchen, a yankin Hampshire, daga ƙarƙashin duwatsun alli suke ɓuɓɓugowa. Ruwan sama yakan shige cikin allin ya daɗe yana tacewa, ya fito garau, sanyinsa wajen digiri 10 rani da damina. Ba su cika ambaliya ba, ba su cika ƙafewa ba. Ciyawa takan cika su, ƙwari su cika ciyawar, kifi ya yi ƙiba. Irin waɗannan koguna ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a duniya, kuma mafi yawansu a Ingila suke. Mutum yana tsaye a gaɓa zai hangi tirawut a cikin ruwa, ya fuskanci inda ruwan ke tahowa, yana kaɗa wutsiya kaɗan-kaɗan don ya tsaya wuri ɗaya, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Shi ma kifin yana hangen mutum.

Babban abincinsa ƙwarin da ke girma a ƙasan kogi ne. Mafi shahara cikinsu shi ne ƙwaron Mayu. Yakan yi kusan shekara biyu yana tsutsa a cikin laka, sannan wata rana a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ya taso saman ruwa, fatarsa ta tsage, ya fito da fuka-fuki, ya zauna a kan ruwan na ɗan lokaci yana bushewa kafin ya tashi. Daga nan ya sake saɓa fata karo na ƙarshe, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu. Ba su da ma bakin cin abinci. Wanda ya ga yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farkon damina, tsuntsaye da kwaɗi suna ta wawa, ya ga kwatancin abin da ke faruwa a Test a waɗannan makonni. Kowane kifi yakan taso sama, ruwa ya yi ta zobe-zobe.

A nan Frederic Halford ya gina mazhabarsa. Attajiri ne da ya ajiye kasuwanci ya duƙufa kan kogi, tare da amininsa George Marryat, wanda ya fi shi gwaninta a hannu amma bai rubuta littafi ba. A 1886 da 1889 Halford ya fitar da littattafai biyu da suka zama madogara. Koyarwarsa ita ce ka nemi kifin da ka ga yana tasowa, ka gane wane ƙwaro yake ci, ka ɗaura kwaikwayonsa daidai, ka lallaɓo ta bayan kifin, ka jefa ƙwaron a gabansa ya taho a saman ruwa a bushe, da saurin ruwan, ba tare da igiya ta ja shi ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya. Ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu, sai ya ja igiya, igiya ta ja ƙwaro, ƙwaron ya tsaga ruwa ya bar ɗan layi a bayansa. Ƙwaron gaskiya ba ya haka, kuma tirawut ya sani.

Ina ganin ya kamata a ba Halford haƙƙinsa, domin marubutan baya sun cika zaginsa. Mutumin ya yi aiki. Ya kama ƙwari ya adana su, ya bambanta namiji da mace, ya auna launinsu, ya feɗe kifi ya duba cikinsa. Ya mayar da abin da yake sa'a da tsautsayi ya zama ilimi. Kuma ƙa'idarsa tana da dalili a wurin da aka haife ta: a ruwa garau, mai cike da ciyawa, jan nutsattsen ƙwaro a makance yana tsorata kifi, yana soke ƙananan da ba su isa kamu ba, yana ɓata wa na bayanka wuri. Matsalar ta zo ne da almajiransa, da shi kansa a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da shawara ta rikiɗa ta zama doka, dokar kuma ta zama ma'aunin mutunci. Wanda ya nutsar da ƙwaro a Test sai a riƙa kallonsa kamar ya yi abin kunya.

George Skues lauya ne a Landan, kuma tun 1883 yake fatsa a Itchen, a wani yanki da ake kira Abbotts Barton. Ya lura da abin da kowa ke gani amma aka kawar da kai: sau da yawa kifin da ake zaton yana cin ƙwaro a sama, tsutsar yake tarewa a ƙarƙashi kaɗan, tana kan hanyar tasowa. Ruwan yakan ɗan kumbura, amma baki bai fito ba. Skues yakan zura wani siririn cokali ta bakin kifin da ya kama, ya kwaso abin da ke cikinsa, ya zuba a farin faranti da ɗan ruwa. Kusan kullum tsutsa ce ta fi yawa. Halford ma ya san haka daga fiɗarsa, ya kuma rubuta, sai dai ya yanke cewa ba a iya kwaikwayon tsutsa yadda ya kamata. Skues ya ce ana iyawa. Ya ɗaura kwaikwayonta, ya jefa wa kifin da yake gani, daga baya, kamar dai yadda Halford ya koyar, bambancin kawai 'yan inci ne a ƙarƙashin ruwa. Ya bayyana hujjojinsa a littattafan 1910 da 1921, cikin ladabi, bai taɓa cewa a daina busasshen ƙwaro ba.

Halford ya rasu a 1914, amma rigimar ba ta bi shi ba. A 1938 ƙungiyar masu fatsar ƙwaro ta Landan ta shirya muhawara kan ko kwaikwayon tsutsa ya halatta a kogunan alli. Skues yana dab da shekara tamanin, ya tsaya ya kare kansa, mafi yawan masu magana suna gefen Halford. A wannan shekarar ya bar Abbotts Barton, bayan shekara 55, saboda abokan hayar ruwan sun ƙi jinin salonsa. Wannan labari yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna shi. An tura dattijo daga kogin da ya fi kowa sani, laifinsa kawai ya duba abin da kifi ke ci ya faɗi gaskiya.

Gaskiya tana wajen Skues, kuma hujjar da ta fi ƙarfi daga Halford aka samo ta. In tushen al'adar shi ne ka lura da kogi ka kwaikwayi abin da ka gani, to wanda ya ga kifi na cin tsutsa ya ci gaba da jefa busasshen ƙwaro, shi ne ya saɓa. Bayan yaƙin duniya na biyu wani mai gadin kogin Avon, Frank Sawyer, ya ƙarasa aikin. Shi ba attajiri ba ne, ma'aikaci ne da ke yankan ciyawa yana gyaran gaɓa. Ya ɗauki siririyar wayar jan ƙarfe ya naɗa a ƙugiya, ya ciro 'yan zare-zare daga jelar tsuntsun fezan ya naɗa a kai, ko zaren ɗauri bai sa ba. Ba ƙafa, ba ado, domin ya lura tsutsa tana manne ƙafafunta in tana iyo. Nauyin wayar yana nutsar da ita zuwa inda kifi yake. Har yau da wuya ka buɗe akwatin ƙwarin mai fatsa, a Montana ko a Niyu Zilan, ka rasa wannan ƙwaro.

Ba a raba tsananin wancan zamani da batun wa ya mallaki ruwa. A Ingila haƙƙin kamun kifi a irin waɗannan koguna dukiya ce, ana sayarwa ana ba da haya. Ƙungiyar Houghton, da aka kafa a Stockbridge a 1822, tana riƙe da mil da yawa na Test, membobinta kuwa 25 ne kacal. Mai jiran kifi ya taso kafin ya yi jifa mutum ne da ke da yini guda na zama a gaɓa, kuma ba da kifin zai ciyar da gida ba. Ƙa'idar ta zama wata hanya ta gane waye namu. A arewacin Ingila da Sikotlan, inda ruwa ke gudu a kan duwatsu, talakawa sun ci gaba da jefa nutsattsun ƙwarinsu masu laushi, sun kuma kama kifi, ko da littattafan kudu ba su yaba musu ba.

Son wannan kifi ya bi Turawa duk inda suka je mulki. A 1864 jirgin ruwan Norfolk ya tashi daga Landan da ƙwan kifi a cikin gansakuka da ƙanƙara, har da na tirawut daga Itchen. Aka ƙyanƙyashe su a Tasmaniya, daga can aka kai Niyu Zilan. Afirka ta Kudu ta samu nata, a 1905 kuma aka zuba su a kogin Gura a duwatsun Aberdare na Kenya. Littattafan fatsa sun daɗe suna ba da wannan labari a matsayin nasara. Ƙananan kifayen asali na waɗannan koguna, waɗanda tirawut ya cinye ko ya kora, ba a cika ambatonsu ba, alhali yau tirawut yana cikin jerin baƙin halittu ɗari mafi ɓarna a duniya. Wani abin da ya saura daga wancan tarihi shi ne sana'a: kaso mai yawa na ƙwarin da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka a Kenya ake ɗaure su da hannu, kuma da yawa daga masu ɗaurin ba su da halin yin fatsar da suke yi wa hidima.

Amurkawa ne suka kawo sabon sauyi, wato a kama kifi a sake shi. Lee Wulff ya yi ta kira ga haka tun ƙarshen shekarun 1930, ƙungiyar Trout Unlimited da aka kafa a Michigan a 1959 ta yaɗa shi. Ana danne kunnen ƙugiya don ta fita da sauƙi, a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, a cire ƙugiyar yana cikin ruwa, a riƙe shi ya fuskanci gudun ruwa har ya farfaɗo ya zille. Wannan ya ceci koguna da dama daga ƙarewa. Sai dai ya buɗe wata tambaya da ta fi ta Halford da Skues nauyi. Muddin ana cin kifin, akwai amsa ga mai tambayar dalilin soka masa ƙarfe a baki. In za a sake shi, saura jin daɗin mai kamu kawai. A 2003 binciken Lynne Sneddon a Edinbara ya nuna cewa tirawut yana da jijiyoyin jin cuta a kewayen bakinsa. Suwizalan ta hana fita fatsa da niyyar sakin kifi, a Jamus ma dokar kare dabbobi tana neman dalili mai ƙarfi kamar ci. Ni dai ban yarda mai sakin kifi ya fi mai cin abin da ya kama tsarki ba. Na yarda dai cewa a kogin da masunta suka yi wa yawa, sakin ya fi kisan alheri ga kogin.

Abin da ya sa nake ganin al'adar ta cancanci kariya, duk da waɗannan basussuka da ke kanta, shi ne irin idon da take ba mai yin ta. Kogunan alli suna cikin matsi yanzu: ana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa don birane, taki da laka suna gangarowa daga gonaki, ƙazantar magudanai tana shiga, ƙwari suna raguwa. Sau da yawa masu fatsa ne ke fara gani, domin su ne suka san wane ƙwaro ya kamata ya fito a wane mako. A Birtaniya akwai 'yan sa kai, yawancinsu masu fatsa, da ke shiga kogi wata-wata da raga. Sukan tsaya su tuttuɓe tsakuwar ƙasa da ƙafa na minti uku, ruwa ya kwaso abin da ya tashi ya zuba a ragar, su juye a farin faranti su ƙirga rukunin ƙwari takwas. In adadin ya faɗi ƙasa da yadda aka saba a wurin, su sanar da hukumar kula da muhalli ta zo ta binciki abin da aka zuba a ruwan.