Jinjina ga Ma'aikatan Jirgin Red Dwarf

A 1988 tashar BBC2 ta fara nuna Red Dwarf, wasan barkwanci da Rob Grant da Doug Naylor suka rubuta. Dave Lister, ƙazamin lebura mai son abinci mai yaji, ya farka bayan shekara miliyan 3 a jirgin sararin samaniya, ya tarar shi kaɗai ya rage cikin 'yan Adam. Abokan zamansa kuwa sai a hankali: Rimmer, mataccen da kwamfuta ta dawo da surarsa da harafin H a goshi, ga girman kai ga tsoro, Cat, jikan kyanwa mai son kwalliya, daga baya Kryten, mutum-mutumi mai son guga.

Daɗin wasan yana cikin faɗan Lister da Rimmer a ɗakin kwanansu, zaman doya da manja. Craig Charles da Chris Barrie, waɗanda suka fito a matsayin Lister da Rimmer, sun cancanci jinjina a nan.

Bayan 1993 Grant ya tafi, armashin ya ragu. A 1999 an dawo da dukkan ma'aikatan jirgin da suka mutu, kaɗaicin da ke riƙe da labarin ya watse. Wata tasha mai suna Dave ta farfaɗo da shi a 2009, amma a ganina sai a 2012, da aka koma ɗauka gaban 'yan kallo, ya dawo hayyacinsa.