Kiɗan Ogan na Fela Sowande

A cikin kayan kiɗan Turawa babu wanda ya kai ogan girma. Jerin bututai ne na ƙarfe da na katako, waɗansu kamar ɗan yatsa, waɗansu sun fi mutum uku tsawo. Mazugi ke hura musu iska, makaɗi kuwa yana zaune yana danna maɓallai da yatsu, yana taka waɗansu da ƙafa kamar masaƙi. Dogon bututu shi ke ba da babbar murya, gajere ya ba da ƙarama. Galibi a majami'a ake kafa shi, makaɗinsa kuma shi ne shugaban mawaƙa, watau shi ke koya wa yara waƙa, ya zaɓi abin da za a rera ran Lahadi.

A Ikko, T. K. E. Phillips ya riƙe wannan aiki a babbar majami'ar Christ Church tun daga 1914 har 1962. A hannunsa Fela Sowande ya yi koyo. An haifi Sowande a 1905, ya tafi Landan a 1934, inda ya yi ta kiɗan rawa yana ci da kansa, yana kuma karatu, har ya sami babbar shaidar makaɗan ogan ta Ingila a 1943. Ya zama makaɗi da shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, sa'an nan ya komo gida a 1953, ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. Ya rasu a Amurka a 1987.

To, abin dubawa shi ne, ko kayan kiɗan baƙi zai iya ɗaukar waƙar mutanen wata ƙasa ba tare da ya ɓata ta ba? Yarbanci kamar Hausa yake, hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, kamar yadda aka bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Da masu mishan suka juya waƙoƙinsu zuwa Yarbanci, sai suka bar karin Turai yadda yake, murya ta riƙa hawa inda ya kamata ta sauka, ma'ana ta karkace. Phillips ya yi bayanin kiɗan Yarbawa a littafinsa na 1953. Sowande kuwa sai ya ɗauki karin waƙoƙin Yarbawa, ya mai da shi harsashi, ya yi gini a kai da dabarun Turawa.

A nan ya cancanci yabo. A kiɗansa mai suna Obangiji, kalmar da Yarbawa suka ara daga Hausa, karin gida ne ke jan gaba, sauran muryoyi suna biye kamar 'yan amshi. A Oyigiyigi, kari ɗaya ya riƙe, yana jujjuya shi ta fuska dabam-dabam, amma Bayarabe ba ya kasa gane shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko da a bakin bututun Bature.

Amma fa akwai hasara iri biyu. Ta fari, muryar kowane bututu a tsaye take. Mai kalangu yakan matse tsarkiya, murya ta lanƙwasa har ganga ta yi magana, ogan kuwa sai ya yi tsalle daga wannan murya zuwa waccan, abin da ke tsakani ya zube. Ta biyu ta fi nauyi. Kiɗan nan yana bukatar babban ogan da gwanin da ya yi shekaru yana koyo, su kuwa ba a samunsu sai a manyan birane. Saboda haka talakawan da aka ɗebo waƙar daga bakinsu su ne suka fi ƙarancin jinta.

Duk da haka, wanda ya auna zai ga ribar ta rinjayi hasarar. Sowande ya rubuta karin nan a takarda, har makaɗin da bai taɓa taka Afirka ba yana iya kaɗa shi. Waƙar da ke baki kaɗai takan bi mai ita kabari, wadda aka rubuta kuwa tana jiran duk wanda ya iya karatu.