Kirari ko Ta'aziyya? Nazarin Lafazin "Mazan Jiya"

Kowace ranar 15 ga Janairu shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a dandalin tunawa da sojoji da ke Abuja, sannan a saki fararen tattabaru. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan 11 ga Nuwamba ake bikin, bisa al'adar Ingila. Ke nan tushen ranar shi ne ajiye makami.

Sai dai sunan da kafofin watsa labarai na Hausa suka laƙaba mata, wato Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, ya karkatar da wannan ma'ana. "Mazan jiya" lafazin kirari ne, na jinsin yabon jarumta da Sa'adu Zungur ya yi a waƙar "Maraba da Soja". Aikin kirari zuga mai rai ya koma fagen fama. Ta'aziyya kuwa rashi take tunasarwa. Bugu da ƙari, kalmar "maza" ta ware mata da ƙananan yaran da yunwa ta hallaka tsakanin 1967 da 1970. Muddin sunan bai ƙunshe su ba, tattabarun ne kaɗai ke wa'azin zaman lafiya a dandalin.