"Yau a Tarihi": Nazarin Jeren Ranaku Ta Fuskar 15 ga Janairu

Da wuya ka samu gidan rediyo ko jaridar da ba ta da ɗan filin nan da ake kira "Yau a Tarihi" ko "A Rana Irin Ta Yau". Tsarinsa sananne ne: a fara da manyan al'amura, yaƙi ko juyin mulki ko girgizar ƙasa, a biyo da sunayen shahararrun da aka haifa a ranar, a rufe da labarin wasanni. Kowane abu layi ɗaya, shekara a gaba, bayani a baya, cikin minti biyu ko uku an gama. Mutane na son filin, ni ma ina sauraronsa. Amma ya cancanci a zauna a dube shi da kyau, domin yana koya wa mai sauraro wata hanyar kallon tarihi ba tare da ya ankara ba.

Mu ɗauki 15 ga Janairu. A ranar ne aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Ingila a 1559. A 1918 aka haifi Jamal Abdul Nasir na Masar, a 1929 aka haifi Martin Luther King a Atlanta ta Amurka. A 1966 sojoji suka yi juyin mulki na farko a Nijeriya. A 1967 aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka wanda yanzu ake lissafa shi a matsayin Super Bowl na farko. A 1970 Biyafara ta miƙa wuya. A 1981 aka haifi ɗan ƙwallon Senegal El Hadji Diouf. A 2001 aka buɗe Wikipedia, a 2009 kuma matuƙin jirgin sama Chesley Sullenberger ya sauke jirginsa a kan kogin Hudson na New York, mutum 155 da ke ciki suka tsira baki ɗaya.

Wannan salo ya daɗe. Rumawa suna da kalandar da ke nuna bikin kowace rana, Kiristoci suka raba kwanakin shekara ga waliyyansu, sannan a 1864 Robert Chambers na Scotland ya kammala fitar da littafinsa The Book of Days, wanda ya bi shekara rana-rana yana zuba haihuwa da mutuwa da labarai. Daga nan jaridu suka ɗauka, rediyo ya gada. Malaman tarihi na Musulunci ba haka suka tsara nasu ba. Ɗabari shekara-shekara ya bi, Ibn Khallikan kuma da ya tara tarihin manyan mutane, ranar rasuwa ya fi bai wa muhimmanci, har ma ita ce a sunan littafinsa, Wafayatul A'ayan. Mu kuwa a ƙasar Hausa da zamanin sarki ake auna lokaci, kamar yadda tarihin sarakunan Kano ya zo, ko da wani babban al'amari, a ce an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba. A wannan lissafi namu, abin da ya faru shi ke riƙe da lokaci. A jeren "Yau a Tarihi" kuwa lamba ce ke riƙe da abin da ya faru.

To me haɗuwar abubuwa a rana ɗaya ke nufi? Mafi yawan lokaci ba ta nufin komai. Kwanakin shekara 365 ne, wani lokaci 366, al'amuran duniya kuwa ba su ƙirguwa, dole su yi ta cin karo. Masana lissafi sun nuna cewa in mutum 23 kawai suka taru a ɗaki, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta haura rabi. Ita kanta ranar ba tsayayya ba ce. Lokacin da aka naɗa Elizabeth, Ingila na kan tsohuwar kalandar Juliya, ba ta koma ta Girigori ba sai 1752, shekara 170 bayan Fafaroma Girigori na 13 ya yi gyaran a 1582. In da za a auna da kalandar da muke bi yau, naɗin ya faɗa 25 ga wata ne, ba 15 ba. Haka kuma, daren da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a juyin mulkin 1966 cikin goman ƙarshe na Ramadan ne na 1385 Hijira, kuma dattawan da suka ga zamanin da azumin suke tuna abin. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, wanda ke bin watan Musulunci da wanda ke bin Janairu ba sa tuna wannan rashi a rana ɗaya sai bayan shekara talatin da 'yan kai.

Sai dai akwai haɗuwar da mutane ne suka ƙulla ta da gangan, kuma nan ne jeren ke yawan gazawa, don ba ya bambancewa. An yi bikin buɗe babbar madatsar ruwa ta Aswan ranar 15 ga Janairu 1971, watanni kaɗan bayan rasuwar Abdul Nasir, ranar da ta yi daidai da ranar haihuwarsa, shi da ya tsaya kai da fata kan aikin. Nijeriya ma da can 11 ga Nuwamba take tunawa da sojojinta, tare da sauran ƙasashen renon Ingila, daga baya ta mayar da bikin 15 ga Janairu saboda ranar ce yaƙin basasa ya ƙare. Waɗannan suna da dalili, kuma dalilin shi ne labarin. In aka jera su kafaɗa da kafaɗa da haihuwar Diouf ba tare da wani bayani ba, an zubar da abin da ya fi amfani.

Inda abin ya fi damuna shi ne layin 1966. Yawanci ana cewa: "A 1966 sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula, aka kashe Firayim Minista da Firimiyan Arewa." Shi ke nan, sai a wuce zuwa ƙwallo. Amma a wannan dare na wayewar Asabar, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya jagoranci farmaki kan gidan Sa Ahmadu Bello a Kaduna, inda Gidan Arewa yake yanzu, aka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Firimiya Samuel Akintola. A Legas aka ɗauke Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, sai bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanya, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema, James Pam da Arthur Unegbe duk sun rasa rayukansu. Kowane ɗayansu yana da iyali da har yau wannan rana take musu nauyi. Jeren ya zama tamkar tabarmar ɗan koli, turare da allura da madubi duk a shimfiɗe wuri ɗaya, ba wanda ya fi wani girma.

Kuma tsakanin layin 1966 da na 1970 akwai igiya ta gaske, wadda babu irinta tsakanin sauran. Juyin mulkin ya kawo Janar Aguiyi-Ironsi, dokarsa mai lamba 34 ta watan Mayu ta rushe tsarin tarayya, aka yi juyin mulkin ramuwa ranar 29 ga Yuli wanda ya ɗora Yakubu Gowon, aka yi kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, abin da bai kamata mu tsallake ba in muna ba da labarin, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka shiga yaƙin wata 30. Philip Effiong na ɓangaren Biyafara ya sanar da ajiye makamai ta rediyo ranar 12 ga Janairu 1970, aka kammala miƙa wuya a Barikin Dodan ranar 15. Mai karanta jere zai ga shekaru biyu a rana guda ya yi mamaki, alhali shekara huɗun da ke tsakani su ne darasin, kuma ba su da gurbi a filin, tunda a wasu ranaku suka faɗa.

Sashen wasanni kuwa yana nuna yadda ake ba abu daraja bayan ya wuce. Ranar da Green Bay Packers ta doke Kansas City Chiefs da maki 35 da 10 a Los Angeles a Super Bowl na farko, filin bai ma cika ba. Girman da gasar ta yi daga baya shi ya ja wasan farko ya shigo jere. Wikipedia ma ranar da aka buɗe ta ba wanda ya buga tambari.

Sai batun ranar haihuwa, wanda shi ne ya fi fitar da mu daga lissafi. Ba ka shiga wannan sashe sai an rubuta ranar da aka haife ka, rubuta haihuwa kuwa bai yaɗu a karkararmu da wuri ba, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauke da 1 ga Janairu a takardunsu. In ma'aikacin rediyo ya kwafo jerensa daga intanet, mawaƙan Amurka da 'yan fim ɗinsu ne za su cika shi. Nana Asma'u shekarar haihuwarta ake ambata, 1793, haka Alhaji Mamman Shata, 1923. Ranar rasuwa kuwa muna riƙe ta, domin an yi jana'iza, an yi zaman makoki, mutane sun shaida. Malam Aminu Kano 17 ga Afrilu 1983, ba mai gardama a kai. Saboda haka ina ganin mai shirya irin wannan fili da Hausa ya fi dacewa ya jingina shi da ranakun rasuwa, ya faɗi kwanan watan Hijira tare da na Miladiyya, sannan maimakon abu goma a minti uku, ya zaɓi ɗaya ya faɗi abin da ya jawo shi da abin da ya haifar.